A Koya wa Manoman Kebbi Gane Ƙwaron da Ke Cinye Darɓa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin manomanmu, da malaman gona, da hukumomin da ke kula da harkar noma a Jihar Kebbi zuwa ga wani ƙaramin ƙwaro da ke yi mana aiki a gonaki dare da rana, mu kuma muna hallaka shi da hannunmu saboda rashin sani. Ƙwaron da nake nufi shi ne ɗan dunƙulallen nan mai santsin baya da ɗigo-ɗigo, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba, wanda ake gani yana yawo a kan ganyen wake, ko gyaɗa, ko kuɓewa, ko dawa, kuma idan an taɓa shi sai ya naɗe ƙafafunsa ya faɗo ƙasa ya yi lamo. Masana ilimin ƙwari suna sanya shi cikin dangin da suke kira Coccinellidae, mai nau'o'i kusan 6,000 a faɗin duniya. Mafi yawan waɗannan nau'o'i ba su cin ganye ko kaɗan, abincinsu shi ne ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan jikin shuka, musamman ƙwarin darɓa.

Babu manomin wake ko gyaɗa daga Jega har Zuru da ke buƙatar a yi masa bayanin darɓa. Ita ce ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe ko koraye da ke taruwa cunkus a kan toho da ƙarƙashin ganye, su tsotse shi har ya nannaɗe, su kuma bar wani ruwa mai danƙo da zaƙi wanda baƙar fumfuna ke hawa ta rufe ganyen. Abin da ya sa take fin ƙarfin manomi cikin ɗan lokaci shi ne yadda take hayayyafa. A ƙasashe masu zafi irin tamu macen ba ta jiran namiji, ba ta ma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa da ransu, kuma kowace 'ya takan isa haihuwa cikin kusan mako guda. Shi ya sa idan ruwan sama ya ɗan ɗauke a tsakiyar damina, gonar da aka bari lafiya lau sai a dawo bayan 'yan kwanaki a tarar ta yi baƙi.

Ɓarnar darɓa ba ta tsaya ga tsotsa ba, domin ita ce ke ɗaukar cuta daga wannan shuka ta kai wa waccan. Dattawanmu ba su manta da kuturtar gyaɗa ba. A shekarar 1975 annobar wannan cuta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai kusan Dalar Amurka miliyan 250, kuma tana cikin abubuwan da suka haɗu da fari da shagala da man fetur suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Nau'in darɓar da ya yaɗa cutar a wancan lokaci shi ne dai wanda ke kama wakenmu a yau. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin gyaɗa masu jure cutar, waɗanda ake kira SAMNUT, kuma wannan babban ci gaba ne. Amma darɓar tana nan daram, don haka duk wata halitta da ke rage yawanta kyauta ta cancanci mu san ta, mu kuma kare ta.

Ƙwaro mai ɗigo guda ɗaya da ya girma yana iya cin darɓa kusan 50 a yini. Macen takan nemi inda darɓa ta taru, ta saka ƙwanta a nan ƙarƙashin ganye, ƙananan ƙwai rawaya masu ɗan tsawo, a tsaitsaye kuma a dunƙule wuri ɗaya, daga 10 zuwa 50 a lokaci guda. Bayan 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe, abin da ke fitowa kuwa ba ya kama da uwar ta kowace fuska. Tsutsa ce doguwa, baƙa ko mai launin toka, mai ƙafafu shida da ƙananan ƙayoyi a gadon baya, da ɗigon rawaya ko ruwan goro jefi-jefi, kuma tana da saurin tafiya. Wannan tsutsa ita ce ta fi ɓarna a cikin darɓa, domin ba ta da fiffiken tashi zuwa wata gona, aikinta ke nan ci, kuma kafin ta gama matakai huɗu na girmanta takan cinye ɗaruruwa. Daga nan sai ta manne a jikin ganye ta dunƙule ta daina motsi na kwanaki, kafin sabon ƙwaro ya fasa ya fito. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro, a yanayinmu na zafi, abin yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu.

A kan wannan tsutsa ne babbar matsalarmu take. Manomi ya shiga gonarsa ya ga ganye ya nannaɗe ya yi baƙi, ya duba ya ga wata baƙar tsutsa mai ƙaya tana kai da kawowa a wurin, ai ba zai yi shakka ba cewa ita ce mai laifin. Na sha ganin manoma masu ƙwazo, waɗanda suka fi ni sanin ƙasa da iri da lokacin shuka nesa ba kusa ba, suna murƙushe ta da yatsa ko su gaggauta ɗauko injin feshi saboda ita. Ba na ganin laifinsu, domin babu wanda ya taɓa ɗaga musu ganye ya nuna musu cewa wannan tsutsa 'yar ƙwaron nan ce mai kyan gani da yaransu ke ɗorawa a tafin hannu, kuma darɓa ce ta kawo ta wurin. Haka ƙwan nata rawaya, mutane da yawa kan goge shi da zaton ƙwan wani mugun ƙwaro ne.

Littattafan makarantunmu ma ba su taimaka ba. Hoton da aka saba bugawa shi ne na jan ƙwaro mai baƙin ɗigo bakwai, wanda asalinsa na Turai ne da Asiya. Waɗanda suka fi yawa a gonakin Afirka ta Yamma 'yan gidan Cheilomenes ne, wasunsu baƙaƙe masu faffaɗan tabo rawaya da ruwan hoda, wasu kuma rawaya ko ruwan goro masu siririn baƙin layi a baya. Akwai kuma ƙanana baƙaƙe wuluk da ke cin ƙwarin nan masu farin gari a jiki, waɗanda ke kama rogo da mangwaro da gwanda, kuma tsutsar wasu daga cikinsu ita ma farin gari take lulluɓa da shi, har a ɗauke ta ɗaya daga cikin masu ɓarnar. Yaron da ya haddace hoton littafi zai iya girma a Argungu yana ganin namu kullum bai taɓa haɗa su da abin da malami ya koya masa ba. Launin nasu mai ɗaukar ido kuwa gargaɗi ne ga tsuntsaye, domin idan aka matsa musu sukan fitar da wani ruwa rawaya mai ɗaci da wari daga gaɓoɓin ƙafafunsu. Wannan ruwa ba ya cutar da mutum, kuma ba dalili ne na tsoron ƙwaron ba.

Gaskiya ta wajabta in faɗi cewa akwai ɓata-gari a cikin dangin. Wasu nau'o'i, waɗanda masana ke kira Epilachna da makusantansu, ganye suke ci, kuma masu noman kankana da kabewa sun san su. Akwai ma wanda ke kama shinkafa da masara da dawa, kuma an danganta shi da yaɗa cutar da ke sa ganyen shinkafa ya yi rawaya-rawaya ya tsumbure. Amma rarrabe su ba wuya. Mai cin ganye bayansa ba ya sheƙi, yana da wani laushin gashi da ke dusashe launinsa, tsutsarsa rawaya ce mai ƙayoyi masu rassa, ba ta da sauri, kuma duk inda suka zauna za a ga sun kankare fatar ganyen sun bar jijiyoyinsa kawai. Mai cin darɓa kuwa bayansa na ƙyalli, ganyen da yake kai ba a kankare yake ba, kuma kusan kullum akwai darɓa a kusa da shi. Wannan bambanci ana iya koya wa mutum shi cikin minti biyar a bakin gona, amma idan ba a koya ba, laifin ɗaya zai ci gaba da shafar ɗaruruwa.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun Argungu, da Augie, da Suru, da Bagudo, kuma muna godiya ga Allah da hakan. Sai dai tare da wannan bunƙasa injin feshi ya shiga kusan kowane gida, kuma al'adar da ta kafu ita ce a yi feshi bisa ƙidayar kwanaki, ko an ga ƙwari ko ba a gani ba, da magungunan da ke kashe kowane irin ƙwaro ba zaɓe. Abin da ke faruwa bayan irin wannan feshi ya kamata kowane manomi ya fahimce shi. Darɓa tana ɓoye cikin nannaɗaɗɗen ganye da ƙarƙashinsa, inda magani ba ya isa sosai, don haka dole wasu su tsira. Ƙwaro mai ɗigo da tsutsarsa kuwa yawo suke yi a kan ganyen da magani ya jiƙa, suna kuma cin darɓar da ta sha guba, saboda haka su ne ke fara mutuwa. 'Yan darɓar da suka rage sukan ninka kansu cikin mako guda, alhali mai cin su yana buƙatar kusan wata guda kafin sabon zubi ya taso. Sai manomi ya ga darɓa ta dawo fiye da da, ya ɗauka maganin ne bai yi ƙarfi ba, ya ƙara yawan murfin da yake zubawa a ruwa, ya sake sayen wata kwalba. Yawan maimaita magani ɗaya kuma shi ke sa darɓa ta saba da shi, abin da aka tabbatar a kan darɓar auduga a ƙasashe da dama.

Wannan ba hasashe ba ne, an gan shi a tarihi. A shekarun 1880 wani ƙwaro mai farin auduga a jiki ya kusa durƙusar da noman lemu a Kalifoniya ta Amurka. A 1888 wani masani mai suna Albert Koebele ya je Ostireliya, asalin mugun ƙwaron, ya aiko da wani nau'in ƙwaro mai ɗigo da ke cin sa a can, kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu gonakin lemu suka farfaɗo. Haka aka zauna lafiya fiye da shekara hamsin, sai da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maganin ya kashe mai gadin, annobar ta sake ɓarkewa a gonakin da suka manta da ita.

Darasin da ya fi kusa da mu, mu masu shinkafa, shi ne na Indunusiya. Can ma yawan feshi ne ya kashe gizo-gizo da ƙwaro mai ɗigo da sauran masu farauta a gonakin shinkafa, wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar kara ya sami sarari ya yi mummunar ɓarna. A 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magunguna 57 a kan shinkafa, sannan daga 1989, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe makarantun manoma a cikin gonaki. Manoma kan haɗu sau ɗaya a mako, su shiga gona su kamo ƙwari, su zana su, su ƙidaya masu ɓarna da masu cin su, sannan su yanke shawara da kansu ko feshi ya wajaba. A nan gida ma, lokacin da ƙwaro mai farin gari ya addabi rogo a faɗin Afirka, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, ta shawo kansa ne da wani ƙanƙanin ƙwaro dangin zanzaro da aka kawo daga Kudancin Amurka aka fara saki a 1981, aikin da ya sa aka ba masanin da ya jagorance shi, Hans Herren, babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a jefar da injin feshi. Wanda ya noma wake ya san cewa idan ya fara fure, tsutsar da ke huda fure da kwanso ba ta da sassauci, kuma ƙwaro mai ɗigo ba ya iya mata. Haka tsutsar da ta shigo mana masara tun 2016. A irin waɗannan wurare magani na da amfani, ko da yake irin wake na SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 ya rage yawan feshin da ake buƙata saboda tsutsar fure da kwanso. Ita ma gyaɗa, tun da cuta darɓa ke kawo mata, kariyarta ta farko ita ce iri mai juriya, da shuka da wuri, da cike gona ba tare da barin fili tsakanin shuke-shuke ba. Abin da nake ƙi shi ne feshin makanta, wanda ke cin kuɗin manomi, ya taɓa lafiyar yaron da ke goye da injin ba safar hannu ba takunkumi, ya kuma bar guba a abincinmu. Ba mu manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin DDVP, wanda muka fi sani da fiya-fiya, da aka samu a cikinsa.

Abin da ya kamata manomi ya saba da shi kafin ya haɗa magani shi ne ya zaga gonarsa da safe, ya tsaya a wurare daban-daban, gefe da tsakiya, ya juya ganye ya duba. Idan ya ga darɓa tare da ƙwai rawaya, ko baƙar tsutsar nan, ko ƙwaron kansa, ya ba su kwana uku ko huɗu ya sake dubawa, sau da yawa zai tarar darɓar ta ragu sai busassun fatunta. Idan kuma ta taru ne a wani ɓangare kaɗai, kamar yadda takan fara, ya fesa wannan ɓangare ya bar sauran gonar, domin masu farautar da suka tsira a can su dawo su ƙarasa aikin. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko jiƙon dakakkun 'ya'yan dogon yaro, wanda ke ko'ina a garuruwanmu, suna rage darɓa kuma illarsu ga masu cin ta ba ta kai ta magungunan kwalba ba. Ya kuma lura da tururuwa da kiyashi. Idan ya ga suna hawa da sauka a jikin shuka, to zaƙin darɓa suke sha, kuma suna tsaron ta kamar yadda makiyayi ke tsaron shanun da yake tatsa, har sukan kori ƙwaro mai ɗigo su ɗauke ƙwansa. A bishiyar lemu ko mangwaro, hana tururuwa hawa gindin kaɗai kan ba masu farautar damar yin aikinsu.

Akwai kuma batun inda waɗannan ƙwari ke fakewa idan an girbe amfani. Lokacin da darɓa ta yi ƙaranci sukan koma ga ƙurar fure da ruwan zaƙinsa, su laɓe a ciyawar gefen gona, da shinge, da ƙarƙashin busassun ganye. Idan muka banka wa komai wuta bayan kaka, muka kuma fesa maganin ciyawa har kan iyakar gona, to shekara mai zuwa darɓa za ta riga su isowa da makonni. Tsohuwar al'adar iyayenmu ta haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya tana ba su abinci da mafaka tsawon damina, kuma wannan na cikin hikimomin da bai kamata mu yi saurin yarwa ba.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Bunƙasa Aikin Gona da Raya Karkara ta Jihar Kebbi, wato KARDA, da ta buga ƙananan katuna masu launi da ke nuna ƙwai, da tsutsa, da babban ƙwaro na nau'o'in da ke gonakinmu, gefe guda kuma mai cin ganye, da bayani cikin Hausar boko da ajami, a raba wa malaman gona da ƙungiyoyin manoma, a kuma yaɗa hotunan ta WhatsApp, tun da wayoyi sun shiga ƙauyuka. Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. A tura su fadamu da tudu su tattara nau'o'in da muke da su, su rubuta lokacin da suke yawaita da amfanin gonar da suke bi, domin katunan su ɗauki hoton namu na gida. Ba ma buƙatar a sayo mana wasu daga waje. Turawa sun saki wani nau'i na Asiya a gonakinsu domin ya ci darɓa, ya bazu ya isa Birtaniya a 2004, yanzu kuma yana danne nau'o'insu na asali.

Masu shagunan maganin gona su ne malaman da manomi ya fi gani, kuma su ne yake tambaya idan gonarsa ta kamu. Ya dace hukuma ta haɗa da su a duk horon da za a yi, a kuma liƙa katin a shagunansu, domin wanda ya zo sayen magani ya fara ganin abin da zai kashe tare da darɓar. Malaman firamare da na sakandare masu koyar da aikin gona kuwa, ina roƙonsu su fitar da yara gonar makaranta ko ta maƙwabta, su sa tsutsa ɗaya da ganye mai darɓa a cikin kwalba mai huji, yara su riƙa dubawa kullum har ta rikiɗe. Gidajen rediyonmu ma su ware 'yan mintuna a shirye-shiryen noma domin wannan bayani, kuma zai fi amfani idan an fara kafin manoman rani su dasa kabeji da barkono da kuɓewa, domin a kan waɗannan ne darɓa ke fara taruwa idan sanyi ya shigo.

Na gode da ba ni wannan dama. Wassalam.

Naka mai karatu,
wani manomi daga Jega, Jihar Kebbi